Rabon Tulu Bai Hau Sama Ba

Ba a banza ake ce masa Tulu ba. Allah ya yi masa jiki, ya kuma yi masa sanyin hali, in ya zauna a wuri sai ka ce an girke shi. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a jami'a, jarrabawa ɗaya ta rage masa, wadda ta kayar da shi bara. In ya sake rasa ta, sai ya ƙara shekara guda cur, ga shi innarsa ta riga ta gaya wa dangi kaf cewa bana ɗanta zai fito.

Ana cikin haka ya miƙa hannu daga saman gado zai ciro wayarsa daga caji, shi da wayar suka taho ƙasa tare. Wayar ta tafi ke nan. Shi kuma aka naɗe masa ƙafar dama da filasta tun daga cinya har idon sawu.

Abokan ɗakinsa biyu ne. Akwai Injiniya, wanda komai ya gani sai ya kwance shi, da Likita, wanda bai taɓa yi wa kowa allura ba amma tuni ya karɓi sunan. Su suka raka shi ofishin kula da ɗalibai, wurin wata dattijuwa da kowa ke ce wa Anti. Tulu ya yi mata bayani cewa zauren jarrabawarsa yana can ƙololuwar bene, lif kuwa ta daɗe da mutuwa.

"Kada ka damu, ɗana," in ji Anti. "Za mu shirya maka, sai mu kira ka."

Da yake ba shi da waya, sai ya ba da lambar Injiniya.

Kwanaki suka yi ta tafiya, shiru kake ji. Ranar jajibirin jarrabawa Injiniya ya buga cinya ya ce, "Sun manta da kai, Tulu. Amma mu ba mu manta ba."

Ya zaro katako biyu daga ƙarƙashin katifarsa, ya ɗaure su a jikin kujerar roba da igiyar shanya. Likita ya zagaya abin yana gyaɗa kai, ya ce a likitance bai ga matsala ba.

Da safe suka tsaya a gindin matakala. Tulu ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi abokansa, tausayi ya kama shi.

"Anya kuwa? Ku fa ba ku san nauyina ba."

"Hau, malam," in ji Injiniya. "Na yi lissafi."

Ya hau. Suka ɗaga. Likita ya saki wata ƙara da ba a taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya ce, "Lissafin naka da wa ka yi shi? Da ƙanensa?"

Haka suka kama hawa, ƙafar filasta a gaba tana nuna hanya. Ɗalibai suka dare gefe biyu. Wani ya yi fito, wata ta cire littafinta tana yi wa Tulu fifita, wasu suka biyo baya suna tafi suna cewa a ba da hanya babba zai wuce. Tulu da farko ya rufe fuska don kunya, can kuma abin ya fara yi masa daɗi, har ya soma ɗaga wa jama'a hannu.

"Daina motsi!" in ji Likita daga baya. "Kana ɗaga hannu, ni hanjina ke ɗagawa!"

A kowace kwana sai sun sauke shi sun sha iska, suna zargin juna da sakar wa ɗaya nauyi. Da suka kai sama, suna dire kujerar ƙafarta ɗaya ta ce ƙaras, Tulu ya zame a hankali ya zauna daɓas a ƙasa. Injiniya da Likita suka zube kusa da shi, rigunansu sharkaf, suna haki suna dariya.

Malamin da ke tsaron jarrabawa ya leƙo. Ya dubi filasta, ya dubi kujera, ya cire tabarau.

"Kai ne mai karaya? To me ya kawo ka nan? Ai ɗakinka yana ƙasa, dab da ƙofar shiga. Takardar tambayoyinka ma tana can, ni ba ni da taka."

Sai ga muryar Anti ta taso daga can ƙasa, ta biyo ramin matakala.

"Wai ina yaron nan mai ƙafa? Na kira lambar nan har yatsana ya gaji!"

Tulu ya juya a hankali ya dubi Injiniya. Injiniya ya sosa ƙeya.

"Ni fa ba na ɗaukar baƙuwar lamba. Gwaggona ce take aron wayar maƙwabta tana kirana in je in gyara mata fanka."

Likita ya kwanta rigingine yana dukan siminti, hawaye na zuba. Tulu ma dariyar ta ciyo shi, amma nan take ta yanke, don malamin ya dubi agogo ya ce an riga an fara, kuma in lokacin shiga ya wuce, ko shugaban jami'a ba zai buɗe masa ƙofa ba. 'Yan ajinsu duk sun zauna, ba mai fitowa. Kujera ta mutu. Hannuwan masu ɗauka kuwa rawa suke yi kamar an jona musu wuta.

Tulu ya tuna innarsa. Ya ja jiki zuwa bakin matakala, ya miƙa wa Likita ƙafar.

"Riƙe min ita kamar jariri."

Ya fara sauka da mazaunai, dum, dum, dum, matakala bayan matakala. Likita na gaba yana tafiya da baya, rungume da filasta yana lallashinta, Injiniya na biye da sandunan dogarawar Tulu da biro yana ba da haƙuri ba wanda ke saurarensa. Anti ta leƙo ta hango su, ta kama haɓa.

"Ikon Allah! Ai rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ɗana. Sauko, sauko, ina riƙe da ƙofa!"

A kwanar ƙarshe wando ya ce ya gaji, ya yage ɓaraaat. Tulu bai ko waiwaya ba. Injiniya ya tuɓe rigarsa ya ɗaura masa a ƙugu, suka tallabe shi suka tura shi ciki, wata malama da ke zaune a ɗakin tana duban agogo ta ce, "Da ƙyar ka sha."

Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai sanyi. Ga tebur mai faɗi, ga wata 'yar kujera da matashi a kai don ya ɗora ƙafa, ga ruwa a kofi. Malamar ta ce an ƙara masa lokaci saboda zaman zai yi masa wuya, in ƙafar ta yi tsami ya faɗa a dakata.

Tulu ya zauna, ya yi zumbur ya ɗan karkace, don ba ƙafar ce ke ciwo ba yanzu. Ya buɗe takarda, ya karanta tambayar farko, ya ga ya san ta sarai. Dariya ta sake taso masa, ya danne ta da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Malamar ta kau da kai tana murmushi har ya gama. Sannan ya goge ido, ya gyara zama a gefe ɗaya, ya fara rubutu.