Hankakin Neville a Gaban Alƙali

Neville Pirotta ya sayi sabon taye don zuwa kotu, mutumin da ko ranar ɗaurin aurensa na aro ya ɗaura. Ba fa shi aka kai ƙara ba. Surukinsa ne, yayan matarsa, Darrel Hoskin, wanda duk unguwar Sunshine ke kira Dazza. Amma yadda Neville ke tsayawa gaban madubi yana gyaran murya, sai ka rantse lambar yabo za a ba shi.

Neville ma'aikacin gidan waya ne, ya fi shekara ashirin yana rabon wasiƙu a kan jan babur. Duk watan Satumba, in hankaki suka yi ƙwai suka haukace, ƙeyarsa ce ke ji a jikinta. Sun tsaga masa kunne, sun farfasa masa hular kwano, wani ma ya raka shi tun daga bakin coci har gidan mai. Mai hankali da sai ya nemi a sauya masa unguwa. Shi gogan naka sai ya shige gareji duk Asabar da Lahadi, ya koya wa kansa rubuta gem, wato wasan kwamfuta, ya ƙera nasa: ɗan wasiƙa a kan babur, hankaki na kawo farmaki, mataki arba'in cif. Shekara huɗu ya kwashe a kai. Hatta kukan hankakin da bakinsa ya yi ya naɗa, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya.

Sai dai 'yar na'urar gem ɗin nan ta hannu, wadda kowane yaro ke rungume da ita a bayan mota, ba ta karɓar haɗin gida. Kamfanin da ya ƙera ta ya kulle ta tam, nasa kawai take ci. Sai in kana da wani ɗan kati da za ka loda wa abin da ka ga dama ka zura mata. Katin nan shi ne sana'ar Dazza, a kasuwar Lahadi da kuma ta intanet. Abin da jama'a ke lodawa kuwa ba ɓoyayye ba ne: gem ɗin kamfani ne na sata, ɗari-ɗari, kyauta. Kowa ya sani. Har fadan cocinsu ya sayi uku, wai na 'ya'yan ƙanwarsa.

Masu wannan sana'a suna da wata al'ada. Kafin kati ya bar hannunka, ka jefa masa gem ɗaya na haɗin gida, don ranar da aka zo kamu ka ɗaga hannu ka ce ai don shi ake saya. Shi ya sa wata Lahadi, ana gashin nama a bayan gida, Dazza ya miƙa wa Neville gwangwanin giya mai sanyi, abin da bai taɓa yi ba sai an roƙa.

"Nev, surukina na kaina! Kawo hankakin nan naka in kai su duniya."

"Ba kai ka ce aikin marasa aikin yi ba ne?"

"Haba aboki, kai ma ka san bakina. Basira irin taka a bar ta a gareji tare da injin yankan ciyawa? Ai zunubi ne."

Neville bai nemi ko sisi ba. Abin da ya yi kawai, ya rubuta adireshinsa na intanet a fuskar farko ta gem ɗin, ya ce duk wanda ya ga matsala ya sanar da shi. Kati dubu talatin Dazza ya sayar a shekara biyu, kowanne da hankakin Neville a ciki. Saƙo ko ɗaya bai zo ba.

"Ko ɗaya fa!" haka yake gaya wa abokan aiki wajen shan shayi. "Manyan kamfanoni ma kullum ana zaginsu a kan gem ɗinsu na lalacewa. Nawa? Shiru kake ji."

A baki ke nan. A zuci shirun yana cinsa. Ba kuɗi yake so ba, ba suna a jarida ba. Mutum ɗaya yake nema, baƙo, wanda zai tare shi ya ce na buga abin nan naka, ga abin da na gani. A jirgin ƙasa yakan leƙa hannun yara har iyayensu su fara harararsa. Na gida ne kawai ke rage masa zafi. Matarsa Marlene, da ke da katin yayanta, ta ce ta kai mataki na ashirin da wani abu, akwai wuya amma akwai daɗi. Dazza kuwa cewa ya yi ya kusa gamawa.

Ana nan kamfanin ya farka, ya turo lauyoyi kamar masu zuwa biki. Lauyan da Dazza ya ɗauka, wani Mista Fenwick mai son jin muryar kansa, hujja ɗaya ya riƙe. Ya ce kati kamar wuƙa ne, wani ya yanka albasa, wani ya yanka mutum, ba a ɗaure maƙeri. To amma kotu sai ta ga albasa da idonta. Neville shi ne albasar.

Ranar farko Dazza ya yi rantsuwa ya ce shi fa don masu basira irin surukinsa yake shigo da katin. Ya ce abin da mutane ke yi da shi a ɗakunansu, wallahi labari yake ji, kuma yana ɓata masa rai. Har hankici ya fitar. Da aka tambaye shi gem ɗin hankaki, ya ce yana mataki na talatin da biyar.

Kashegari aka kira Neville. Fenwick ya bar shi ya yi ta zuba, daga tarihin kunnensa har yadda ake zana fiffike. Da ya zo kan kati dubu talatin babu ƙorafi ko ɗaya, sai da ya juya ya dubi 'yan jarida don su rubuta da kyau.

Sai lauyan kamfani ya miƙe, Mista Ashcroft, dogo, mai sanyin murya kamar likitan haƙori.

"Mista Pirotta, ka sa ni sha'awar gem ɗin nan. Ya mai shari'a, in kotu ta yarda, ina roƙon shaida ya buga mana shi mu gani. Ga na'ura, ga kati daga cikin waɗanda aka kwaso a shagon Mista Hoskin."

Fenwick ya yi zumbur zai yi magana, amma ina! Neville ya riga ya miƙa hannu. Wa ya ga banza? Aka haɗa na'urar da babban allon kotu, sai ga ɗan jan babur ya bayyana ƙato, kukan hankaki ya cika ɗakin. Zuciyar Neville ta yi fari tas. Ya kauce wa na farko, ya sunkuya wa na biyu, ya jefa wasiƙa cikin akwati daga nesa. Alƙaliya ta sauke tabarau tana kallo. Wani a baya ya yi dariya, dariyar jin daɗi, kuma Neville ya ji ta har cikin ƙashinsa. Cikin minti uku ya kai ƙarshen layin, aka rubuta an gama matakin farko.

Sai allon ya yi fari fat.

Ya danna, ya sake dannawa. Ya kashe ya kunna. Ya ciro katin ya hura masa iska kamar yadda kowa ke yi.

"Wannan katin ne ya lalace," in ji shi.

"Yana yiwuwa," Ashcroft ya ce da fara'a. "Ga wani."

Neville ya sake bugawa, wannan karon babu mai dariya. Ƙarshen layi, fari fat.

"Ƙwararriyarmu, Dokta Petrakis, ga ta can zaune, ta gwada kati ɗari biyu, na farkon shigowa da na ƙarshe. Duk a nan suke sandarewa, da zarar gem ɗin ya zo ajiye inda mutum ya tsaya. Rahotonta ya daɗe a hannun abokin aikina." Ya dubi Fenwick, wanda ya duƙufa neman wani abu a cikin takardunsa. "Ka taɓa gwada gem ɗinka a katin surukinka?"

"Ina da nawa tsohon kati, wani iri ne daban. A kansa na rubuta shi, kuma lafiya lau yake aiki."

"Bai taɓa ba ka ɗaya daga nasa ba?"

"Ya ce in saya."

Kotu ta kece da dariya, har alƙaliya sai da ta rufe baki da hannu.

"Ke nan, Mista Pirotta, ko dai cikin mutum dubu talatin babu wanda ya ba gem ɗinka minti uku, ko kuwa wasu sun ba shi, ya mutu a hannunsu, ba su ga ya kai su rubuto maka layi ɗaya ba. Zaɓi wanda ya fi maka daɗi, mu duka sun yi mana." Ya juya shafi a hankali. "Mista Hoskin kuma, da ke mataki na talatin da biyar, sai mu taya shi murna. Ya ga abin da ido bai taɓa gani ba."

Neville bai dubi Dazza ba, don wannan ƙaryar ko a jikinsa. Marlene ya nema a kujerun baya. Tana can ta tura kai cikin jaka, tana tono kamar ta jefa zobe a rijiya. Kunya ta rufe shi, da wani baƙin ciki mai nauyi wanda bai san yana da wurin zama a ƙirjinsa ba. Tayen ya shaƙe shi, ya rasa yadda ake sassauta shi.

Ba a kai la'asar ba aka sasanta. Dazza ya yarda ya daina sana'ar, ya miƙa duk katin da ya rage a murƙushe, da sauran abin da lauyoyi suka yanka masa. A farfajiya ya taso wa Neville kamar zai cinye shi.

"Ka kashe ni, Nev! Na ɗauke ka daga gareji na kai ka duniya, ashe ruɓaɓɓen kaya ka ba ni!"

"Da ka buga sau ɗaya ai da ka sani."

"Ni ɗan kasuwa ne, aboki, ina na ga lokacin wasa da tsuntsaye?"

Marlene ta kamo hannun rigar Neville. "Nevi, kar ka kalle ni haka mana. Na kunna fa, wallahi na kunna. Kukan nan ne ke sa min ciwon kai. Kuma kai ne kullum da tambaya, ina kika kai, ina kika kai, to me zan ce maka?"

Neville ya zare hannun rigarsa ya kau da kai. Can ya hango Dokta Petrakis tsaye tana jiran lif, gajeriyar mace mai furfura, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ƙafafunsa suka kai shi gabanta kafin ya yi shawara da kansa.

"Dokta, ki yi haƙuri. Katin nan ɗari biyu, ke da kanki kika buga?"

"Ni da kaina. Matakin farko, sau ɗari biyu."

"To... yaya kika gani?"

"Ba a tambaye ni wannan a rahoto ba."

"Ni nake tambaya."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja tsaki. "Birkin babur ɗin yana makara. Hankaka na uku kuma, wanda ke fitowa ta bayan kwandon shara, wannan mugunta ce tsagwaronta. Mutum bai gan shi ba sai ya ji shi a ƙeya."

"Ai haka suke yi! Kuma ana kauce masa, in kika sunkuya tun daga wajen..."

"Tun daga wajen motar da aka ajiye a karkace. Na gano, amma sai da na ci kati sittin." Muryarta ta hau, kuncinta ya yi ja. "Ka san sau nawa tsinannen tsuntsun nan ya kayar da ni? Mijina har ɗaki ya shigo ya tambaya wa nake zagi. Kai nake zagi, Mista Pirotta, da sunanka, tunda ka rubuta shi a fuskar gem ɗin."

Neville ya ji hawaye na neman tona masa asiri. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa gaya masa magana mai daɗin wannan ba. Ya laluba aljihun kwat, ya ciro tsohon katinsa, duk ya goge ya yi fari a gefe-gefe.

"Wannan yana aiki. Duka arba'in suna ciki. A mataki na biyu ruwan sama ake yi, Dokta, babur yana santsi. Babu wanda ya taɓa gani sai ni. Karɓi, kyauta na ba ki."

Ta tsaya tana kallon katin a tafin hannunsa. Ta daɗe tana kallo, har Neville ya ga kamar yatsunta sun motsa. Sai lif ya iso ya buɗe.

"Awa-awa ake biyana, Mista Pirotta," ta ce, ta gyara jakarta. "Kuma aikin ya ƙare yau."

Ta shiga, ƙofa ta rufe. Neville ya tsaya a wurin da hannu a miƙe, yana cewa a ransa wataƙila ta danna ta dawo. Da lif ɗin ya sake buɗewa wasu mutane ne daban suka fito, suka kewaye shi suka wuce.