Layin Ɗantala

Hindu ce mai sauraren saƙonnin murya a ofishin wata ƙungiyar manoma a Talata Mafara. Mahmud, wanda ya haɗa masu manhajar, ya tsara ta yadda kowane manomi ke da layinsa. Saƙo na biyu ba ya buɗuwa sai an saurari na farko, don kada a ba mutum shawarar girbi kafin ta shuka.

Wata ranar kasuwa da hantsi, layin wani manomi, Ɗantala na ƙauyen Dakko, ya cika da saƙonni. Alhali kuwa tun da damina gulbi ya tafi da Ɗantala, ba a ga gawarsa ba.

Ta buɗe na farko. Bayan doguwar gaisuwa ya ce tsutsa ta kama masa masara. A na biyu ya ce tun da ba a amsa ba, zai zo da kansa. Ana jin ruwa na ɗiga kusa da wayar. A na uku ya ce ya wuce Birnin Tudu, ya doso Mafara.

"Mahmud, tsallaka mini zuwa na ƙarshe," in ji ta.

"Ba ya yiwuwa, Malama. Sai dai bi da bi."

Ta buɗe na gaba. Ga hayaniyar kasuwar Mafara, har da muryar mai kiran magani da suke jiyowa ta taga a daidai lokacin. Ta cire abin sauraren daga kunnenta, ta ajiye. Saura saƙo ɗaya.

Suka aika a ɗauko Marka, matar Ɗantala. Ta iso bayan azahar, ta zauna, ta ce a kunna.

"Salamu alaikum," in ji muryar. "Ga ni bakin ƙofa. A yi mani izini."

Ƙofar a buɗe take. Babu kowa sai rana da wata akuya da ta tsaya cak tana kallon dokin ƙofar.

Marka ta karɓi wayar ofis, ta danna wurin amsa. "Malam, mun girbe masarar, ta yi kyau. An yi maka salla. Ka koma, don Allah."

Layin ya nuna an saurara. Bai sake motsi ba. Mahmud ya so ya goge shi, Marka ta ce a bar mata shi yadda yake, ta gyara mayafinta ta fita ta ƙofar baya.