Hular Barci da Rana Tsaka

…kuma ba ta taɓa sa sakata ba sai yau. Shekara goma sha shida, ko wanka 'yata Deja take yi sai ta bar ƙofar banɗaki a sake tana ba ni labarin makaranta. Yau ta kulle. Ga ni zaune a ƙasa, bayana jingine da ƙofar, mataji a hannu ɗaya, hularta a ɗayan. Me zan yi da mataji? Ban ma san na hawo bene da shi ba.

Abin da ke ƙara a ciki injin askin ubanta ne. Na san ƙararsa. Shekara bakwai da Darnell ya tattara ya bar Memphis, har igiyar talabijin ya kwashe, amma ya manta injin a durowar ƙasa. Ta kunna… ta kashe… ta sake kunnawa. Bai taɓa gashi ba tukuna. In ya shiga gashi muryarsa takan yi nauyi, ni ce zan kasa ganewa?

"Deja. Ajiye abin nan."

Injin ya ci gaba da ƙara.

Gobe ake ɗaukar hoton 'yan ajinsu, hoton da zai zauna a bangon falo har in mutu. Na sayo gashin ƙari mai launin zuma, na ƙi karɓar kan kowa, na ware yammacin Lahadin nan saboda ita kaɗai. 'Yar mai kitso guda, a ce ta tsaya gaban mai hoto da hular barci? Ko da ƙwal kwabo? Ina zan sa fuskata a shago?

Hular nan. Tun watan Fabrairu. Ta yadin satin mai santsi, ruwan hoda, irin wadda kowace mace ke sawa ta kwanta don kada matashi ya cinye mata gashi. A kwanta da ita aka ce, ba a shiga kanti da ita ba. Amma yaran yanzu… da ita a motar makaranta, da ita a wurin sayen kaza, a haɗa da wandon barci da silifas da safa, kamar waɗanda gobara ta koro daga gado. Na ce yayi ne, zai wuce. Sai ga shi yau da safe ta sa ta zuwa coci, a ƙarƙashin hular rigar sanyi, a zafin watan Mayun nan da kwalta ke narkewa. Matar fasto ta kalle ta, ta kalle ni. 

Ni da nake karanta kai. Shekara ashirin da biyu ina kitso. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ni kai nake tambaya, fuska ta iya ƙarya. Yarinya ta zo ta ce a rina mata ja wur, na san a gidansu ba mai kallonta. Yaro ya saki gashi ya rufe ido, ba gayu ba ne, ɓuya yake yi. Wadda ke canja kitso duk sati ba ta san wadda take son zama ba. Wadda ta ce a datse duka kuwa, kada ma ki tambaya, namiji ne. Ina faɗa, mata suna tafa hannu, Anti Rochelle kin fi likitan ƙwaƙwalwa. Na yarda kuma. Na yarda har cikin raina.

To tawa fa? Na karanta ta tsaf. Na ce raini ne. Tana jin kunyar sana'ar uwarta, shi ya sa ta ce daga yanzu ita za ta riƙa gyara kanta, a waya take koyo. A waya! Ga hannun da mata ke tuƙo mota awa biyu su zo nema, a cikin gida, ta zaɓi waya. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na yi fushi, na zuba mata ido, na ce duniya ce.

Ta sake kunnawa. A'a… har yanzu iska yake ci.

Ɗazu a kicin. Yvette, ƙanwata, tana zaune tana yagar cinyar kaza, baki duk mai. Na shimfiɗa matashi a ƙasa, na ja kujera, na ce Deja zo ki zauna. Ta ce ba ta so. Na ce ba shawara nake nema ba. Ta ce Mama don Allah, ta ja da baya har ta jingina da firij. Yvette ta yi dariya.

"Ke dai Yaya, likitan kawunan mutane, na gida ya gagare ki."

Dariyar ce. Da ba ta yi dariyar ba… a'a, kada in ɗora wa Yvette, hannuna ne ya tafi. Na fizge hular. Haka kawai, kamar ina cire murfin tukunya.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta ɗora hannu biyu a kai, amma hannu biyu ba su isa ba. Gaban goshi ya cinye, ya ja baya kusan yatsa uku. Gefe da gefe sumul, fata tana sheƙi. Yvette ta ajiye kazar. Deja ta dube ni ta ce, "Kin gani. Kin huta?" Ta haye bene.

Wa ya yi mata? Abin da ya fara zuwa mini ke nan, wa ya taɓa kan 'yata. Wata ƙawa ce da gam ɗin hular gashi, irin mai arha da ke tashi da fata? Ko man miƙar da gashi ta shafa a ɓoye? Ko cuta ce? Ko ita take tsigewa da kanta, na taɓa ganin mai yi, yarinyar da iyayenta ke shari'ar rabuwa, ɗaya bayan ɗaya take cirewa tana kallon talabijin. Ko wani yaro ne ya… Zan nemo ko wane ne. Zan je har gidansu.

Amma gam ba ya cin kai haka. Gam faci-faci yake ci. Mai tsigewa kuma daga tsakiya take farawa, inda hannu ke kaiwa. Wannan layi ne. Ya taso daga saman kunnen hagu, ya lanƙwasa kamar jinjirin wata, ya…

Zafi ake yi a benen nan. Ya kamata in sauka in kashe murhu. Yvette za ta kashe.

Ya lanƙwasa kamar jinjirin wata ya sauka a goshi. A duk garin nan mutum nawa ke tsaga kai haka? A coci nakan gane aikina daga layin baya. Mata na cewa kitson Rochelle ba ya tashi, wata biyu yana nan kamar jiya aka yi. Saboda ina kamawa. Har ɗan gashin jarirai na bakin goshi ba na bari, sai na tattaro shi na ɗaure. Haka aka koya mini.

Mama Odessa, uwata, a barandar gidanmu, ni a tsakanin gwiwoyinta, gwangwanin man kitso a buɗe, ƙarfen miƙar da gashi a kan wuta. In zafi ya sa na kai hannu ta ƙwale ni da mataji a yatsu. Sauke hannu, mai kan ƙwai. Ba za ki fita gidan nan kamar marar uwa ba, fararen fatar can jira suke su ga kanki a hargitse su ce ga irinsu nan. Ba mugunta ba ce. Na rantse ba mugunta ba ce, sulke take ɗaura mini. Ni ma sulke nake…

Sauke hannu, mai kan ƙwai. Da bakina na faɗa wa Deja. Tana shekara huɗu, tana shekara tara. Mama da zafi. Na ce kyau ba ya zuwa a banza. Mama da zafi. Na ce kwana biyu ne zai saki. Yaushe ta daina faɗa? Ban lura ba. Na ɗauka ta girma, har na yi alfahari a shago, na ce tawa ko motsi ba ta yi.

Janairu ne na ƙarshe. Ƙananan kalba har gadon baya, awa tara. Kafin ta zauna na ga ta haɗiyi ƙwayar ciwon kai biyu, ba ta tambaye ni ba, ta san inda suke. Na ga ƙurajen da suka feso a bakin goshi, farare, a jere. Na ce ta shafa mai. Kwana uku tana barci a zaune don ba ta iya ɗora kai a matashi, ni kuwa na ɗauki hoton kitson na sa a shafin shago na intanet, mutane suna ta yabo.

Fabrairu ta sa hula.

Wata huɗu yarinyar nan tana yawo da wannan kan a gabana. Tana cin abinci da ni, ina yi mata gorin tarbiyya. Ta bar ni ina cewa raini ne, ta bar matar fasto tana kallonta. Don me ba ta faɗa ba? Ta ce wa wa? Ta ce Mama hannunki ne, hannun da muke ci da shi?

Yatsana ya shiga ƙarƙashin hular gashina. Ban aike shi ba. Tun ina shekara talatin nake sa ta, na ce wa kowa don sauƙi ne, ba ni da lokacin kaina. Sumul. Saman kunnen hagu, ya lanƙwasa… Na ce gado ne, matan gidanmu duk haka goshinmu yake.

In fata ta yi sheƙi irin haka, wani lokaci yakan dawo. Wani lokaci. Na sha gaya wa 'ya'yan wasu.

"Deja." Na juya na manna kunci a ƙofar. "'Yata… da zafi?"

Injin ya mutu. Ina jin numfashinta, ashe tana kusa, ita ma a jikin ƙofar take.

"Kullum, Mama."

Injin ya sake tashi. Yanzu muryarsa ta yi nauyi. In tashi? In buga? In ce mata me, ki tsaya, gobe akwai hoto? Wani curin gashi ya sulalo ta ƙarƙashin ƙofa ya tsaya a gefen ƙafata, baƙi, mai laushi, yana ƙamshin man da ba ni na saya mata ba. Na ɗauka. Matajin yana hannuna har yanzu… ban san inda zan ajiye shi ba.