Inda Ruwa Ya Tsaya

"Ɗauke min allon nan daga gabana, Mitsue-chan. Ba zan buga ba."

Tatsuji-san ya ture allon sanarwar da ke zagaya gida-gida, ya koma ya jingina da matashi yana haki. Mitsue ta bi takardar da kallo. Gidaje goma sha takwas ne a ƙauyen Kobiura, ga jajayen hatimai goma sha bakwai sun jeru reras, nata ne na uku. Gurbi ɗaya ya rage fari fat, na wannan tsoho mai taurin kai da shinge ɗaya ya raba gidanta da nasa shekara arba'in.

Maganar duk a kan dutsen da ke kwanar hanya ce. Za a faɗaɗa titin, ofishin gunduma kuwa ya ce ba za a taɓa dutsen ba sai kowane gida ya buga hatimi. In dutsen bai tashi ba, titin zai karkato ya ci rabin lambun Mitsue. Shi ya sa ranar da allon ya iso gidanta ko zama ba ta yi ba ta buga.

"Haba Tatsuji-san," ta ce, "ba fa jefar da shi za a yi ba. Bakin tashar jiragen ruwa za a kai shi, a yi masa dakali da furanni, baƙi su riƙa ɗaukar hoto."

"Karanta min abin da ke rubuce a jikinsa."

"Sai ka ce 'yar makaranta! Na sani mana. Nan ruwa ya tsaya, kada a gina gida ƙasa da nan."

"To in an dasa shi a bakin tasha, me zai ce?"

Mitsue ta shiga tattara kwanukan abincin da ta kawo masa, shi kuwa ya ba kansa amsa.

"Ƙarya zai yi. Kakana da mutum shida suka jawo shi da igiya, su kaɗai ambaliyar teku ta bari a garin nan. Yanzu ku mayar min da shi maƙaryaci don motar kifi ta sami wurin juyawa." Ya yi tari, ya harare ta da ido ɗaya. "Ke dai lambunki kike ji. Ban ga laifinki ba."

Abin ya ƙona mata rai, don gaskiya ya faɗa. Ta kwashe kwanukan ta fita ko sallama babu.

Washegari sai ga Konno-san, mai unguwa, da ledar lemo. Mutumin da ya shekara bai leƙo gidan ba, yanzu kullum yana tafe yana tambayar jiki. Tatsuji-san kuwa ba ya raga masa.

"Ka zo duba ko na tafi ne, Konno-kun? Saura ƙiris, yi haƙuri. Ajiye lemon, wannan dai zan sha."

Konno-san ya yi dariyar yaƙe har kunnuwansa suka yi ja. Da ya fita, tsohon ya kira Mitsue. Wata ya kama, kuma tun yana saurayi bai taɓa barin ɗaya ga wata ya wuce bai wanke dutsen ba.

"Buroshin tattaka za ki ɗauka, mai laushin nan, yana bayan ƙofa. Kada ki kuskura ki sa na ƙarfe, zai cinye rubutun."

"Ni da na buga a cire shi za ka aika?"

"Wa kike so in aika? Konno?"

Ta tafi tana mita da bokitinta. Ta kankare gansakuka, ta bi kowane harafi da yatsa har ya fito tas. Da ta miƙe don ta huta da bayanta, sai ta juya ta dubi gangare. Rufin gidan ƙanƙarar masunta, bishiyoyi, kwanar tudu. Teku kuwa babu shi, ko ƙararsa ba a ji. Shekara arba'in tana wuce wurin nan da kwando a hannu, ba ta taɓa lura ba. Ashe ruwa ya hau har inda mutum ba ya ma hango teku! Tsoro ya kama ta sosai, ta daɗe tsaye da buroshi a hannu. Ƙofar gidanta taku ashirin ce sama da dutsen.

Ba ta gaya masa komai ba. Shi ma abin da ya tambaya kawai, "Da na tattakan dai ko?"

Ranar Talata da hantsi ta shiga da kunun shinkafa, ta tarar ya juya fuska wajen taga, hannunsa ya yi sanyi. Ta ajiye kwanon a hankali, ta zauna a gefensa ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta kira mutane.

Kwana uku bayan an ƙona gawar bisa al'ada an kawo tokarsa gida, Konno-san ya tsaya a ƙofarta da allon a hammata. Ya shaida mata cewa ɗan marigayin da ya zo jana'iza ya koma birni, ya ce a yi yadda aka ga dama. Gidan ya zama kango, saboda haka sha bakwai sun isa.

"Gobe zan miƙa ofis, Mitsue-san. Na ce bari in yi miki albishir."

"Ba ni in gani."

Ta shige da shi ciki. Ta ɗauko abin ja-layi, ta ja layi biyu a kan hatiminta, ta sake buga shi daram a kan layukan, kamar yadda ake soke kuskure a takardar hukuma. Ta fito ta miƙa masa da hannu biyu.

Konno-san ya zaro ido. "Me kika yi haka? Lambunki fa za a bi!"

"Na sani. Ai nawa ne."

"Kin san kuwa sai an sake zama, an sake awo..."

"To a sake. Ka gaida mutanen gida."

Masu awo sun zo a ƙarshen wata. Suka kafa turaku, suka ja zare ruwan ɗorawa tun daga shinge har bakin rijiya, ya raba lambun biyu. Mitsue ta kai musu shayi, ta jira suka tafi. Sannan ta cika butar ban-ruwa, ta ɗaga ƙafa ta tsallake zaren, ta fara da kunyoyin da ke wancan gefen da titi zai ci.