Darasi na Tara

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Hausa kafin na yi ritaya. Da zaman gida ya ishe ni, 'yata ta biyu ta buɗe min shafi a intanet, ta ajiye tsohuwar kwamfutarta a kan teburin falo, ta ce, "Umma, ga ajinki nan. Babu alli, babu masu surutu a layin baya."

Ɗalibina na huɗu direban bas ne a wata ƙasa mai nisa. A can aka haife shi, furfura ma ta fara fito masa. Talata da Juma'a muke haɗuwa, minti arba'in, lokacin hutunsa na rana. Daga ɗakin hutun direbobi yake kirana. Ina hango akwatunan ƙarfe a bayansa, da butar shayi, da abokan aikinsa suna giftawa suna ɗaga min hannu. Direba nake ce masa, shi kuma Malama.

Tun ranar farko ya faɗa min dalilinsa, da harshen da muke ji mu biyu. Mahaifiyarsa ce ta sami shanyewar ɓarin jiki. Da ta farfaɗo, harshen ƙasar da ta yi shekara arba'in tana yi ya ɓace mata ƙaf, sai Hausar ƙuruciyarta. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, shi kaɗai suka haifa, kuma ba su taɓa yi masa Hausa ba. A garin nasu bai san ko mutum ɗaya mai ji ba.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ina da tsari, darasi ashirin, kowanne a kan na bayansa yake zaune.

Yana da ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma sai da ya yi sati biyu yana ce min, "Malama, ka kwana lafiya?"

Na ce, "Ni ce ka? Gemu ka gani a fuskata?"

Ya yi dariya har wayar ta zame daga jikin kofin da ya jingina ta.

A sati na uku ya roƙe ni wata alfarma. Idan ya je asibiti, yana so ya kira ni, in yi magana da Mama ko na minti biyar ne, in faɗa masa abin da take cewa. Na ƙi. Na ce ni malama ce, ba tafinta ba, in na fara yi masa haka zai saki jiki ya daina koyo. Har raina na yarda taimakonsa nake yi. Ya ce to, bai sake tayar da maganar ba.

Wata Asabar ina shanya wanki saƙon murya ya shigo daga wajensa, daƙiƙa arba'in da biyu. Ina da doka, na ma rubuta ta a shafina: ba na duba saƙon ɗalibi sai ranar darasi. Na mayar da wayar aljihu na ci gaba da shanyata.

Ranar Talata muka shiga darasi na bakwai, lokutan aikatau: na tafi, ina tafiya, zan tafi. Saura minti uku a tashi ya ce, "Malama, kin saurari saƙon?"

"Ban samu dama ba tukuna. Mene ne?"

"Muryar Mama ce na ɗauka. Bakinta ya karkace, ba na kama komai sai kalma ɗaya, tafi. Ta yi ta maimaitawa, tafi, tafi. Korata take yi, ina jin ba ta gane ni ba. To ba na son ranta ya ɓaci, sai in fita in zauna a kan benci a baranda."

Na ce, "Haka marar lafiya yake, sai haƙuri. Zan saurara. Ka yi aikin shafi na goma sha biyu."

Ɗaliba ta gaba tana jira, na kashe kiran. Daga nan baƙi suka zo, washegari na kai maigida ganin likitan ido, saƙon ya fice min a rai.

Juma'a bai shigo ba. Na zauna gaban kwamfuta ina ƙunƙuni, wai ɗaliban yanzu ba su san darajar lokaci ba. Lahadi da safe ya rubuto layi ɗaya: Mama ta rasu ranar Alhamis.

Sai a lokacin na danna saƙon. Muryar tsohuwa ce, tana jan kalmomi da ƙyar, amma kunnen da ya tashi da Hausa ba zai rasa ko ɗaya ba.

"Kada ka tafi mana, ɗan nan. Zauna kusa da ni. Kullum da ka zo sai ka miƙe, ina za ka? Duk ka rame. Kada ka tafi. Kada ka tafi."

Sai muryarsa, a hankali, daidai yadda na koya masa yin sallama: "To, Mama. Na tafi." Sai takun takalmi, sai ƙarar ƙofa.

A tsarina, kalmar "kada" tana darasi na tara.

'Yata ta same ni a kicin ina zaune a ƙasa, ruwa yana ta tafasa a kan wuta. Da ta ji saƙon ta ce, "Umma, don Allah kada ki faɗa masa. Ki ce addu'a take yi masa. Me gaskiyar za ta ƙara masa yanzu?" Kwana da kwanaki ina juya maganarta.

Bayan sati uku ya kira, daga cikin bas ɗin da babu kowa, kujeru jere a bayansa. Na yi masa gaisuwa, ya amsa. Sannan ya ce, "Malama, me take cewa?"

Na faɗa masa, kalma bayan kalma. Na faɗa masa kuma tun Asabar ɗin nan saƙon yana hannuna, babu abin da ya hana ni ji sai ni kaina.

Can ya ce, "Sau nawa ta faɗa?"

"Sau uku."

"A wannan kaɗai." Ya shafa fuskarsa. "Kwana goma sha tara na yi a kan bencin nan."

Na roƙe shi ya yafe min. Wani ya ƙwanƙwasa gilashin motar, Direba ya duba agogo, ya ce lokacin tashinsa ya yi.

Da yamma na rubuta masa duk maganarta da fassara, layi bisa layi, na tura. Alamar ta nuna ya karanta. Wata bakwai ke nan bai amsa ba, ni kuma ban ga laifinsa ba.