Mai Shara da Zanen Atam

Wa ya fi laifi, wanda ya rubuta kuskure ko wanda ya gani ya kame baki? Har yau ban sani ba.

Shara nake yi a wata makaranta, kuma duk littafin da aka yar sai na karanta. Ran nan na shiga aji ɗaukar kwando, na tarar sabon malamin kimiyya ya zana atam, wato ƙwayar zarra, a allo. Ya cusa ilektoron a tsakiya, ya bar furoton yana kewaya waje. Jibi jarrabawa, ga yara arba'in suna kwafa.

Na ce, "Malam, an juya su. Furoton da niyutoron ne a ciki."

"Baba, tsintsiya ce ta koya maka? Ba zan gyara ba. Fita, ko ka kwana ba aiki."

"A kore ni mana! Ƙafata ƙafar allon nan."

Na tsaya a gaban allon. Wata yarinya ta buɗe littafi, ta ɗago ta dubi Malam. Sauran ma suka buɗe.

Malam ya daɗe yana murza alli. Can ya karɓi tsumman hannuna, ya goge ilektoron, ya mai da shi waje, furoton kuma ciki.