Burodin Ɗan Fari

Inna Maijidda mutuniyar wani ƙauye ce a gefen Ba'awa, cikin ƙasar Kiru, kuma duk wanda ya san ta ya san ta da son burodi. Ba ruwanta da shayi, gayansa take so. Ta kwance ledar, ta sunsuna, ta yagi ɓawon saman nan mai ja, ta tauna a hankali idonta a lumshe. Mutanenta masu shanu ne da suka zauna suka kama noma, da fura da nono ta tashi, amma tun ranar da ta ɗanɗana burodi a bikin wata ƙawarta, shi ke nan, ya shiga ranta.

To, bara da damina ƙaya ta soke ta a babban yatsan ƙafa tana tsinkar rama a bayan gida. Abu kamar wasa, miki ya ƙi rufewa. Autarta Sumayya, wadda ke aure nan cikin unguwa, ta ɗora ta a acaɓa sai asibitin Kiru. Aka ɗebi jini, aka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jiki. Malamar asibitin ta shiga jero abubuwan da za a bari: tuwon shinkafa, rake, lemon kwalba, suga a koko, burodi.

"Ke 'yar nan, to me ya rage?" in ji Inna. "Ƙasa zan ci?"

"Wake, Inna. Zogale. Acca idan an samu."

"Abincin awaki dai."

Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce idan sugan bai sauka ba mikin ba zai warke ba, idan kuma bai warke ba, yatsan nan yankewa za a yi.

Wallahi ta yi ƙoƙari. Ta bar rake, tana ji yara na tsotsa a ƙofar gida ta kau da kai. Ta koyi shan koko salam tana yatsine fuska. Ranar suna a maƙwabta aka kawo mata tuwon shinkafa da miyar taushe, ta buɗe, ta kalla, ta rufe, ta ce a kai wa jikoki. Burodi ne kawai ta kasa. Kuma ba kwaɗayi ne kaɗai ba, akwai Hamman a ciki.

Hamman shi ne ɗanta na fari. Kun dai san kunyar ɗan fari, a gidajen irin su Inna Maijidda kuwa ta fi ta ko'ina tsanani. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta haɗa ido da shi. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Doguwa, can ya girma, can ya yi aure, yanzu ga shi da furfura a gemu yana jan bas tsakanin Doguwa da Kano. Idan za ta ambace shi sai ta ce "mai motar nan".

Duk Juma'a, idan ya sauke fasinja, sai ya ratso ta ƙauyen. Ya sayo burodi a Tudun Wada, mai laushin nan mai ɗan zaƙi-zaƙi, ya yi sallama, ya ajiye ledar a bakin ƙofar ɗakinta, ya tsugunna can gefe yana gaishe da Sumayya, ko katanga ma idan ba kowa. Ita kuma daga ciki ta miƙo hannu ta ja ledar, ta yagi ɓawon ta ci. Ba ya tashi sai ya ji motsin ledar nan. Shekara da shekaru, iyakar abin da ke shiga tsakaninsu ke nan.

"Inna, bari in gaya wa Yaya ya daina kawowa," in ji Sumayya wata rana tana wanke mikin da ruwan gishiri.

"Kul."

"To ki karɓa ki ba yara mana."

"Yana tsugunne yana jira, in bar shi ya tafi haka? Ya ce na ƙi abin hannunsa?"

"To ki ci loma ɗaya. Amma ke idan ya tafi sai kin ga bayan ledar."

Gaskiya ce, Inna ma ta sani. Idan burodin yana ɗakin, ƙamshinsa ba ya barin ta sakat. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ke auta ce, kina shigowa ki haye gadona ki yi ta surutu. Shi fa? Idan aka ce kada ya kawo, da me zai shigo gidan nan? Me zai ajiye? Me zai jira?"

"Ƙafarki fa, Inna."

"Ƙafata ce. Idan kika faɗa masa, ni da ke."

Haka aka yi ta tafiya. Juma'a ta zo, ta ja zane ta rufe ƙafar, ta ci burodinta. Mikin ya ci gaba da cin nama, gefensa ya yi baƙi, har ɗakin ya fara wani wari da turaren wuta ba ya iya dannewa. Ita kanta tsoro take ji. Idan ta keɓe sai ta buɗe ƙafar ta yi ta kallon yatsan, ta taɓa shi ta ji kamar ba nata ba. Ta yi alkawari a ranta wannan Juma'ar ba za ta ci ba. Juma'ar ta zo ta ji sallamarsa, hannunta ya miƙa da kansa.

Ana nan sai wani ɗan ƙauyen ya haɗu da Hamman a tashar Tudun Wada, ya ce masa, "Ya jikin tsohuwa?" Bai faɗa masa ciwon ba, shi ma bai tambaya ba, kunya ba ta bar shi ba. Ranar ba ma Juma'a ba ce, ya juyo da mota. Ya shigo hannu biyu niƙi-niƙi da irin kayan da ake kai wa marar lafiya dubiya: manyan burodi, lemon kwalba, madarar gwangwani mai zaƙi, har da kwalin suga. Ya jere su a bakin ƙofa, ya tsugunna, yana haki.

Inna ta hango kayan, ta san illarsu. Duk da haka ta miƙa hannu.

Sumayya ta riga ta. Ta fizge ledar. "Yaya, kashe ta za ka yi? Suga ke gare ta! Tun bara aka hana ta, saboda kai take ci. Zo ka ga ƙafar, zo ka gani!" Ta yaye zanen.

Hamman ya ɗago, ya kalli ƙafar mahaifiyarsa. Ya tattara kayan ɗaya bayan ɗaya, kwalba ta suɓuce ta fashe, ya tsince gilasan da hannu, ya fita. Inna ta juya fuska bango, ranar ba ta ƙara yi wa Sumayya magana ba.

Juma'a ta zo, shiru. Ta bayanta ma shiru. A tsakanin nan aka mayar da ita asibiti, aka yanke yatsan. Likita ya ce Allah ya sa an zo kafin abin ya haura. Aka dawo da ita gida ƙafa a naɗe, ana ba ta wake da kwaɗon zogale tana turewa. Mata suna zuwa sannu, suna cewa ai yatsa ɗaya ba komai, ita kuwa kunnenta yana ƙofar gida.

"Kin huta," ta ce da Sumayya. "Ga ƙafa ta ragu, ga shi kin kore shi."

Sumayya ta share hawaye. "Inna, ba ya fashi fa. Har asibiti ya zo, a bakin get ya tsaya. Nan ma yana zuwa, can gindin tsamiya yake ajiye mota, ya kira mijina ya tambaye shi jikinki, ya juya. Na ce ya shigo, ya ce da wane ido, shi da ya yi ta kawo miki ciwo a leda."

Inna ta shiga ƙirga kwanaki. Da Juma'a ta zagayo, bayan an sauko daga masallaci, ta kasa kunne har ta ji kukan tsohuwar bas ɗin ta tsaya nesa da gida.

"Je ki ce da mai motar nan ya shigo."

Sumayya ta je ta dawo ita kaɗai. "Ya ce a gaishe ki."

Sai ga ƙarar inji ta tashi. Inna ta yunƙura, ta dafa bango, ta ture hannun Sumayya, ta ɗingisa ta bi tsakar gida, bandejin yana jan ƙasa, jini ya fara ɓullowa. Ta kai zaure ta riƙe ƙyaure. Motar ta fara juyawa. Ta buɗe baki, ta kira sunan da tun ranar da aka raɗa shi bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Hamman!"

Matan da ke surfe a maƙwabta suka tsayar da taɓare. Wata tsohuwa ta kama baki ta ce, "La ilaha, Maijidda!" Injin ya mutu.

Ya tako a hankali, hannuwansa biyu babu komai, bai san inda zai sa su ba. Ya durƙusa a ƙofar zauren kansa a ƙasa. Ita ma ta zame ta zauna, don ƙafar ta ƙi ɗaukar ta, kunya ta rufe ta har tana jin zufa. Ta nemi abin da uwa ke ce wa ɗa, ta rasa. Da kyar ta ce, tana kallon ƙasa, "Ya hanya?"

Ya ɗan ɗago kai. Sannan ya gyara murya, ya fara ba ta labarin ramukan da ruwa ya haƙa bayan an wuce Tudun Wada, da tayar da ta fashe masa shekaranjiya. Ƙafar na mata zugi. Sumayya ta zo za ta ɗaga ta a gyara bandejin, ta ɗaga mata hannu alamar ta dakata, bai gama ba.